Shi Mutane Ya Tsamo

Laraba, bayan azahar

Yaya Asama'u ta ce in fara takaba, na fara. Da hannunta ta cire mini 'yan kunne, ta kwashe kwalli da turare ta jefa ƙasan adaka. Ban yi mata gardama ba, yayar mai gidan nan ce, ita ta goya shi. Abu ɗaya na ce mata: ai ba a ga komai ba tukuna. Ta ce, "Tasallah, gulbi ba ya riƙe mutum da rai tun Litinin."

Tun da aka kawo ni tungar nan ban taɓa wuni ban ga ruwa ba. Yanzu daga ɗaki sai tsakar gida. Wutar banda ta mutu, kifin da ke kanta na raba wa maƙwabta. Shi ya sa na jawo littafin da nake zuwa da shi makarantar matan aure, don hannuna ya sami abin yi.

Abin da ya faru kowa ya sani, amma bari in ajiye shi yadda yake kafin bakuna su canza shi. Ranar Litinin babban jirgin Lauwali mai inji ya taso daga kasuwar tsallaken iyaka, ta Benin. Mutane, buhuna, babura, har kan rumfa. Ya zo inda ruwa ke juyawa gaban tungarmu ya kife. Mai gidan nan yana bakin gulbi yana gyaran komar kamun kifi, shi da ɗanmu Shamsuddeen. Ba wanda ya kira shi. Ya yar da komar, suka tura kwale-kwale.

Masu gaisuwa kowa da adadin mutanen da ya ce ya tsamo, kuma kullum ƙaruwa yake. Ni ban ƙirga ba. Na dai lura da yadda suke zama in sun shigo gidan nan, suna tattara ƙafafu kamar sun shiga gidan manya. Ɗakinmu na laka ne, rufin kwano rabi, ciyawa rabi.

Alhamis, da hantsi

Shamsu bai ci komai ba sai ruwa. Yau ya shigo ya zauna bakin gadona, ya ba ni labarin ba tare da na tambaya ba. Ya ce da farko daga cikin kwale-kwalen suke jawo mutane. Da ya cika suka kai gaɓa, suka koma, suka sake kaiwa. Daga baya Babansa ya ce masa ya riƙe jirgin, shi ya faɗa ruwa, yana turo su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe wata yarinya ce ƙarama, ya ɗago ta sama da kansa. Shamsu ya karɓe ta, ya juya ya kwantar da ita. Da ya waiwayo sai ya ga hannayen wani a wuyan Babansa ta baya.

Sauran ba zan rubuta ba.

Wanda ya riƙe shi ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Mai nutsewa bai san abin da ya kama ba. Shi ma ɗan wata ne, shi ma ba a gan shi ba.

Juma'a, bayan an sauko

Shamsu bai je masallaci ba. Yana kwance a zaure har aka sauko. Yaya Asama'u ta same shi da faɗa, ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Gwaggo, wa ke sahun gaba?"

Ta ce, "Mi ya dame ka da sahun gaba?"

Ya ce, "Ɗanmaliki na can. Ba ni bin bayansa."

Tun yana rarrafe Baba Ɗanmaliki yake ce masa. Aminin ubansa ne, tare aka yi musu kaciya, shi ya raka shi neman aurena. Yau sunan ya fito tsirara, har sai da na ji wani iri.

Na kira shi ɗaki na ce ya faɗa mini. Ya ce, "Inna, jirage biyu suka fara isa wurin. Namu da nasa. Nasa mai inji ne, ya fi namu girma nesa ba kusa ba. Mu muna jan mutane, shi shina jan buhu. Da jarkoki. Na gan shi da idona. Mutane na kiran sunansa."

Yaya Asama'u ta ce ya rufe bakinsa, gida cike da baƙi, kuma a irin wannan ruɗani ido yana ganin abin da ba shi ne ba. Na san ɗana. Ko ɓarnar ƙuruciya ya yi, shi yake fara kawo ƙarar kansa.

Asabar, da yamma

Ba a gan shi ba.

Lahadi, bayan la'asar

Liman ya zo. Ni ina ciki, su suna gindin zana, ina jin komai. Ya yi addu'a, sannan ya juya kan Shamsu a hankali. Ya ce Allah ya rubuta wa kowa ranarsa da wurinsa, kuma wanda ya tafi a ruwa yana ceton rai babu mai darajarsa.

Shamsu ya ce, "Allah gafarta Malam, Shi ya rubuta wa Ɗanmaliki ya ja buhu?"

Liman ya ce, "Ya san zai ja. Amma bai ja masa ba. Hannun nasa ne, kamar yadda hannun ubanka nasa ne."

"To da Ya ga shina ja, yara na nutsewa gefensa, mi ya hana Shi kifar da nasa jirgin? Mi ya sa na Babana ne ya dawo ba kowa?"

Yaya Asama'u ta fara salati. Ni kuwa tambayar da ke cina ke nan tun Litinin, ban dai sami bakin yin ta ba.

Liman ya ce, "Ban sani ba, Shamsu. Na yi karatu gwargwado, wannan ban sani ba. Abin da na sani, akwai ranar da za a tambayi kowa abin da ya ɗauka."

Shamsu ya ce ranar ta yi masa nisa. Ya tashi ya fita.

Yaya tana ganin Liman ya gaza. Ni a yau ne na fi ganin girmansa. Duk masu shigowa kowa da amsarsa a aljihu, haƙuri, ƙaddara, lokaci ne ya yi, suna faɗa suna kallon kwanon abinci. Shi kaɗai ya tsaya wa tambayar har ta yi masa nauyi.

Litinin, da safe

Gobe za a yi addu'ar bakwai. An ce a yi ko ba a gan shi ba. Babbar ɗiyata ta iso daga Zagga da mijinta. Mutanen Illo sun aiko da gero, wasu da ban taɓa jin sunansu ba sun aiko da itace cike da amalanke. Direban ya ce ƙanwarsa na cikin waɗanda aka tsamo, ya ƙi ko shan ruwa, ya sauke ya tafi.

Litinin, bayan azahar

Ɗanmaliki ya aiko da buhun shinkafa, wai gudummawar sadaka.

Mata suka kwance bakin buhun za su fara tsinta. Ina daga ƙofar ɗaki na ji warin. Ni ɗiyar masunta ce, matar masunci. Shinkafar da ta sha ruwan gulbi aka shanya ta, ko cikin duhu aka kawo mini zan gane ta. Na je na sa hannu, ta dunƙule wuri-wuri, ta yi ja. Buhun sabo ne, an sake mata.

Na ce a ɗaure. Yaya Asama'u ta jawo ni gefe, ta ce, "Ki rufa mana asiri. Ba a mayar da sadakar mamaci. In ba ki so a ba kaji."

Na ce, "Yaya, kajin gidan nan ma ba za su ci ba. Mai ita wataƙila tana ƙarƙashin ruwa tare da ƙanenki. Da ita za a roƙa masa gafara?"

Na kira masu kawowar, na ce su mayar, su ce masa matar amininsa ta gode, amma gidan nan mutane aka tsamo, ba a san yadda ake dafa irin wannan ba. Da rana tsaka suka ɗauke shi, ta gaban rumfar mai shayi, kowa na gani. Ban ce su bi ta nan ba. Ban kuma ce kada su bi ba.

Talata, bayan magariba

An yi addu'a. Tuwon gero aka ci, kowa ya ƙoshi.

Alhamis, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Bayan la'asar na hango Shamsu ya fito daga bayan rumbu da jarkar fetur. Ba mu da inji, ba abin da zai yi da fetur. Na riga shi isa zaure, na tsaya a ƙofar waje, ƙafata ɗaya a kan hanya. Mai takaba a bakin hanya, ba mayafin kirki. Mata suka leƙo.

Ya ce, "Inna, ki ba ni wuri. Jirgin Ɗanmaliki kawai. Ba zan taɓa kowa ba."

Na ce, "Jirgin yana ɗaure tsakanin na mutane. In ya kama, nasu ma ya kama."

"To Allah ya kashe wutar, in Ya ga dama. Ai Shina gani."

Wannan maganar ta soke ni fiye da fetur ɗin. Na ce masa, "Yau duk inda ka bi a gulbin nan, daga nan har tsallake, in an nuna ka cewa ake ga ɗan wanda ya tsamo mutane. Ubanka bai bar maka gona ba, bai bar maka inji ba. Wannan ya bar maka. In kana son ƙona shi, ka fara bi ta kaina."

Muka tsaya muna kallon juna. Ya fi ni tsawo tun tuni. Can ya dire jarkar a ƙasa, ya koma ciki, ya kifa kansa a jikin rumbu. Na ba maƙwabcinmu fetur ɗin ya zuba a babur.

Yaya Asama'u ta ce na karya takaba. Na ce in an sake, zan sake.

Juma'a, da hantsi

Jiya na iya magana a gaban ɗana. Yau da asuba na tayar da salla na kasa kai ƙarshen Fatiha. Na zo wurin Mai rahama Mai jin ƙai, harshena ya tsaya. Na sake daga farko, ya sake tsayawa nan.

Daga gidan Ɗanmaliki ana jiyo daka, ana jiyo rediyo. 'Ya'yansa sun ci sun sha, ubansu ya kwana a gida. Lauwali mai jirgi an ce ya tsallake iyaka, ba wanda ya san inda yake. Duk wanda ya yi abin yana nan da ransa. Wanda ya je gyarawa ko kabari bai samu ba.

Na gama sallar dai. Yadda na gama ta, Shi ya sani.

Asabar

Ba a gan shi ba. Ruwa na ƙaruwa.

Lahadi, da azahar

An yi waya daga wajen Bahindi. Masunta sun ga wani a cikin ciyawa. Shamsu da mijin ɗiyata sun tafi.

Litinin, bayan la'asar

Shi ne. Da facin da na yi wa wandonsa a gwiwa Shamsu ya gane shi.

Can aka rufe shi, a tudu kusa da gulbi, don ba ya ɗaukuwa zuwa gida. Na so a ce na gan shi. Mijin ɗiyata ya ce gara da ban gani ba, sannan ya ba ni labarin abin da shi ya gani. Ya ce sun zaci su kaɗan za su yi salla, su da masuntan da suka same shi. Kafin a gama haƙa sai ga jirage. Daga tungayen sama, daga na ƙasa, wasu da tutar Benin a gindin inji. An ji a waya, kowa ya kamo hanya. Ya ce sahu ya yi tsawo har na ƙarshe suna tsaye cikin ruwa zuwa idon sawu. Wani tsoho Badande, mutumin tsallake, da ba ya jin Hausa ya cire rawaninsa fari ya ce a haɗa a likkafani.

Shekarunmu tare ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Mai gidan nan, Baban yara, shi ke nan. Yau zan rubuta shi. Bunyaminu. Bunyaminu masunci, mijina. Ba shi da sarauta, bai je Makka ba, karatunsa bai wuce na salla ba. An yi masa sahu har cikin ruwa.

Na tambayi Shamsu ko ya tsaya a sallar. Ya ce, "Na tsaya. Bakina bai ce komai ba." Shi ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Laraba, da hantsi

Barci na yi, na farko mai nauyi. Na tashi na ce a hura wutar banda. Maƙwabta sun kawo tarwaɗa, na zauna na gyara. Takaba ba ta hana aiki a cikin gida.

Juma'a, da yamma

Yau mun yi baƙuwa daga tsallake. Sunanta Mariyamu, Badandiya, Hausarta kaɗan ce, matar maƙwabcinmu ke fassara. Ta shigo da yarinya a hannu, ba ta wuce shekara huɗu ba, an yi mata kitso sabo. Shamsu na ganin yarinyar ya miƙe tsaye. Ita ce ta ƙarshe. Kausar sunanta.

Mariyamu ta durƙusa tana fofo, fofo, wato sannu, ta kasa wuce nan. Na ɗaga ta na zaunar da ita kan tabarmata. Da ta natsu ta ce ita ma mai gidan nan ne ya tsamo ta, tun a zuwan farko. Tana ihu ɗiyarta na ciki, ya ce mata da hannu ta jira.

Sannan ta nuna mini hannunta na dama. Yatsu biyu a ɗaure da tsumma da kara. Ta ce kafin kwale-kwalenmu ya iso gare ta, ta kama gefen wani jirgi mai inji, shuɗi. Mai jirgin ya ce ta saki, ba ta saki ba. Ba ta faɗi abin da ya yi ba, ta dai sake ɗaga hannun. Jirgi shuɗi ɗaya ne a tungar nan.

Yaya Asama'u tana zaune. Ba ta ce ido na ganin abin da ba shi ne ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka same shi.

Yarinyar ba ruwanta. Ta bi kaji, ta ci ƙosai, ta zo ta hau cinyar Shamsu tana ja masa gemu. Ya zauna kamar an dasa shi. Na dube ta da kyau, ina neman ko zan ji wani abu a kanta, ko zuciyata za ta ce saboda ke ne. Ban ji ba. Na ji dai ina son ta yi tsawon rai, ta yi 'ya'ya da yawa, kowanne a gaya masa.

Lahadi, bayan azahar

Ɗanmaliki ya zo da kansa. Ya zaɓi lokacin da Shamsu ke gulbi. Ya tsaya bayan zana ya yi sallama, na amsa daga ciki.

Ya yi gaisuwa doguwa. Sannan ya ce, "Tasallah, kin kunyata ni a gari."

Na ce, "Shinkafa na mayar."

Ya ce, "Ba ki san ruwa ba irin na ranar. Mutum in shina nutsewa ba ya da hankali. Da na bari sun kama jirgina, da duk sun raja'a gefe ɗaya mun tahi ƙasa gaba ɗaya. Buhu ba ya jan jirgi. Kayan kuma da na bari, gulbi zai cinye su, ba wanda ya amfana. Ina da iyali. Kin dai ga abin da ya sami wanda ya shiga cikinsu."

Muryarsa ba ta mugu ba ce, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Muryar da ta saba yi mini barkwanci ce tun ina amarya. Ya yarda da abin da yake faɗa, ko kuwa yana ta faɗa wa kansa har ya kusa yarda.

Na ce, "Na ga abin da ya same shi. An ba ni labarin sahunsa."

Sai ya ce in da abin da na riƙe a zuciya, in yafe masa don zumuncin da ke tsakani.

Na ce, "Ni ba ka karya mini yatsa ba. Mai yatsun tana tsallake, Mariyamu sunanta, kana da inji. In ta yafe, ka dawo mu yi magana."

Ban ji tafiyarsa ba. Na dai leƙa daga baya ba kowa.

Talata, bayan magariba

Ɗanmaliki bai tsallaka ba. Yana sahun gaba, an ce, kamar kullum.

Alhamis, da yamma

Ina juya kifi a kan wuta Shamsu ya zo ya tsuguna yana tura mini itace. Ya fara fita da komar ubansa, kamun ba laifi.

Ya ce, "Inna, ke ba ki fasa salla ba ko sau ɗaya."

Na ce ban fasa ba.

"Yaya kike yi? Kina gode Masa?"

Na ce, "Wani lokaci. Ka ce Allah bai yi komai ba ranar. Mutanen nan da ke shigowa gaisuwa da ƙafafunsu, da yarinyar da ta ja maka gemu, wa ya tayar musu da ubanka daga kan koma? Maza nawa ne a bakin gulbi ranar? Duk sun ji ihun. An ba kowa jirgi, an ba kowa hannu."

Ya ce, "To Ya aike shi. Kuma Ya bar shi can."

Na ce, "I. Wannan ne ban gane ba. Kullum sai na gaya Masa ban gane ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Kina gaya Masa?"

"A sujada. To wa zan gaya wa, Ɗanmaliki? In na bar salla saboda shi, ya kwashe buhunan mutane, ya haɗa da Ubangijina ya tafi da su ke nan. Ba zan bar masa ba. Kai ka bar masa sahu, ka bar masa masallacin da ubanka ya ɗauko wa ƙasa a ka."

Ya ce shi fushi yake, ba a shiga salla da fushi. Na ce ni ban ji inda aka ce sai fushi ya huce ba, alwala aka ce. Ya yi ɗan murmushi, na farko tun ranar. Bai ce zai yi ba. Kifi ɗaya ya ƙone mana.

Asabar

Yaya Asama'u ta ce in na gama takaba ita za ta raka ni Bahindi.

Litinin, bayan la'asar

Ranar kasuwa. Tun azahar nake jiyo hayaniya daga mashigi, ba halin fita. Matar maƙwabcinmu ce ke kai da kawowa tana ba mu labari a tsaye.

Wani babban jirgi ne ya taso daga tsallake, ba na Lauwali ba, amma lodin iri ɗaya, bakinsa na shan ruwa. Ya tsaya nan zai ƙara mutane. Shamsu na wanke koma. Ya je ya kama igiyar jirgin ya ɗaure ta a turke, ya zauna a kai. Ya ce ba inda za shi sai an rage.

Yaran jirgin suka taru masa. Har cikin fasinjojin akwai masu zaginsa, wai yana ɓata musu lokaci, wai rai a hannun Allah yake. Ya ce ya sani, amma igiya a hannunsa take. Suka buge shi, bai rama ba, bai kuma tashi ba. Sai tsofaffin masunta suka fara zuwa ɗaya-ɗaya suna zama kusa da shi a kan igiyar. Liman ma ya zo ya tsaya. Ɗanmaliki yana cikin jirginsa yana kallo, bai zo ba, bai tafi ba.

An sauke babura da buhuna tuli guda. Mutanen da suka rage aka raba su a ƙananan jirage. Babban ya wuce wurin da ruwa ke juyawa, kowa na tsaye a gaɓa har ya ɓace.

Ya shigo da ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe, riga a yage. Yaya Asama'u ta ɗora ruwan gashi tana yi masa faɗa tana share hawaye. Ni kallonsa kawai nake, yadda ya tsaya a tsakar gida da kafaɗa ɗaya sama da ɗaya.

Ya ce, "Inna, an yi la'asar?"

Na ce an yi tun ɗazu.

Ya ɗebi ruwa a randa, ya yi alwala a hankali saboda leɓen. Bai fita masallaci ba, nan gefen rumbu ya shimfiɗa buhu. Yanzu haka da nake rubutu yana sujada, ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗunsa na motsi.

Yaya ta ce ruwan gashi zai huce. Na ce ta bar shi ya huce, a sake ɗorawa. Maganar da ke bakinsa tana da yawa.